Labarin Bokitai

Auta ce da bakinta ta kawo shawarar su riƙa yi wa juna intabiyun gwaji, don haka kada wanda ya ce wani ne ya ja ta. Shekararsu ta ƙarshe ke nan a jami'a, ita da abokiyar ɗakinta da kowa ke kira Tabarau, saboda gilashin idonta mai kauri kamar gindin kwalba. Wani kamfanin manhajojin waya ne ya ba da sanarwar zai ɗauki ɗalibi ɗaya tak, ya koya masa aikin furodak manaja da zarar an gama jarrabawa. Gurbi ɗaya, masu nema kuwa rabin ajinsu. Su biyun a kan katifa ɗaya suka zauna suka tura takardun nema, kowacce na gyara wa 'yar uwarta rubutu.

"Manajan me?" in ji mahaifiyar Auta a waya.

"Mama, shi ne mai tsayawa tsakanin masu rubuta manhaja da masu amfani da ita. Shi ke yanke abin da za a fara ginawa, da abin da za a bari."

"Ke ɗin? Ke da ko kayan da za ki sa sai kin tambayi duk 'yan gida?"

Auta ta yi dariya, amma maganar ta soke ta. A gidansu ita ce ƙarama, kuma har gobe kallon ƙarama ake mata. Yayanta ma tuni ya ajiye mata kujera a shagonsa na sayar da tayil, can kusa da ƙofa, inda za ta riƙa ɗaga waya tana cewa oga ya fita. Duk zuwanta hutu sai ya nuna mata kujerar yana murmushi, har ƙura yake kakkaɓe mata. Wannan aikin shi kaɗai ne hanyar da ta gani ta tsallake kujerar nan, kuma ta ƙulla a ranta sai ta same shi.

Ranar da saƙon gayyata ya shigo wayarta, ihun da ta kurma sai da 'yan ɗakin kusa suka leƙo. Ta rungume Tabarau har gilashin ya karkace.

"Ke fa? Duba taki mana!"

Tabarau ta duba wayarta, ta ɗan jima tana kallo, sannan ta kife ta a kan filo. "Rabu da tawa, komai lafiya. Ke dai tashi mu fara shiri."

Auta ta ɗauka ita ma an kira ta, halin Tabarau ne kawai na rashin son hayaniya. Ba ta sake tambaya ba, murna ta cika mata ciki.

Ga yadda suke yi. Da yamma in an watse daga lacca, sai su nemi ajin da babu kowa. Ɗaya ta zauna a teburin malami, ɗaya ta fita waje ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta shigo ta gaisa kamar ba su taɓa haɗuwa ba, alhali da safe sun yi cacar baki a kan soson wanka. Dokar ita ce mai tambaya ba ta dariya, ba ta taimako, kuma duk amsar da aka ba ta sai ta bi ta da "me ya sa?" Tabarau kuwa kamar don kujerar nan aka haife ta. Sai ta zamo da gilashi kan hanci, ta riƙa buga biro a tebur, ta ce, "Tsara mana manhajar da kakarki za ta kira mota da ita." Ko kuma, "Masu amfani da manhajarmu sun ragu farat ɗaya. Me za ki fara dubawa?" Auta ta yi ta zuba tana zane a allo, gumi na bin bayanta.

Sai kuma babbar tambaya, wadda kowa ya san ba ta ɓacewa a irin wannan intabiyu: "Ba mu labarin wani abu da kika gina ya faɗi, da abin da kika koya."

A nan kam Auta tana da abin faɗa. Bara, da ruwan hostal ya koma zuwa lokacin da ya ga dama, ta rubuta 'yar manhaja don 'yan mata su kama layin famfo daga kan gadonsu, kowacce a ba ta lokacinta. Ta sha wahala a kanta ba kaɗan ba. Manhaja ta fito tsaf, babu wadda ta ko taɓa ta. Haushi ya sa Auta ta ɗauki kujera ta je ta zauna a bakin famfo tana kallo, sai ta ga ashe ba mutane ne ke tsayawa a layi ba, bokitai ne, masu su na can sama suna harkokinsu. Layi bai taɓa damunsu ba. Abin da ya dame su shi ne ba wadda ta san lokacin da ruwa ya zo, sai a yi ta saukowa daga saman bene ana komawa a banza. Ta goge kusan duk abin da ta rubuta, ta bar maɓalli ɗaya: wadda ta fara ganin ruwa ta danna, saƙo ya shiga wayar kowa, "Ruwa ya zo." Har yau da shi ake amfani. Kuma har yau in saƙon ya shigo, Tabarau ce ke sauka ta ciko bokiti biyu ta hawo da su, nata da na Auta, don Auta wajen ɗaukar ruwa ba ta da zuciya ko kaɗan.

Ranar farko da ta ba da wannan labari a ajin gwaji, Tabarau ta karya doka. Ta ajiye biro ta tafa.

"Ƙawata, wannan shi ne makaminki. Ko me suka tambaye ki, ki san yadda kika jawo su bakin famfon nan."

A lokacin daɗi Auta ta ji. Daga baya ne maganar ta riƙa dawo mata da wani ɗanɗano daban.

Abin ya fara ne daga kujera. Yarjejeniyarsu a riƙa canji, amma kullum in Auta ta ce, "Taso, ke ma fita ki ƙwanƙwasa," sai Tabarau ta yi miƙa. "Gobe. Yau na gaji." Gobe ta zo, sai wata goben. Sai kuma waya. Tabarau ta fara jingina wayarta da kwalbar ruwa tana naɗar muryar Auta, wai don ta saurari kanta ta ji inda take in'ina. To, amma a wayar wa muryar take kwana? Sai kuma tambayoyin kansu. Da farko irin waɗanda kowa ke tsintowa a intanet ne, daga baya suka koma wasu iri masu kaifi, irin waɗanda sai wanda ya san cikin kamfani zai iya ƙagowa. Kuma duk inda aka je aka dawo sai Tabarau ta ce, "Sake ba ni na bokitai. Me kika ce wa shugabar hostal da ta hana ki ajiye kujera? Me ya sa kika goge sauran, ba ki bar su ba?"

Auta ta shiga juya abin a ranta. Mutum yana da intabiyu a gabansa, bai taɓa gwada amsa ko ɗaya ba, sai tattara amsoshin wani yake yi? Ta ce a'a, Tabarau ce fa, wadda ta yi jinyarta a asibitin makaranta lokacin da zazzaɓi ya kayar da ita. Ta kori tunanin. Da safe ta tarar da shi yana jiranta.

Ana cikin haka Rediyo ta tare ta a bakin laburare. 'Yar ajinsu ce, kuma ba a banza aka sa mata sunan ba, in ta kunnu ba mai iya kashe ta.

"Ke, ashe a ɗaki ɗaya kuke kwana kuna neman kujera ɗaya? Allah ya ba mai rabo sa'a."

"Ai tare muka nema. Mene ne a ciki?"

"Nema daban, zarya daban. Au, ba ki sani ba? To ni ban ce komai ba." Rediyo ta kama baki, amma ina, bakin ya fi ƙarfin hannun. "Na ga Tabarau tana shiga ginin gilashin nan na kamfanin, kuma ba sau ɗaya ba. Da doguwar rigarta mai ruwan toka. Ga wata mata mai katin ma'aikata a wuya, suna ta ɓaɓɓaka dariya kamar 'yan gida ɗaya. Ni dai ban ce komai ba."

Auta ta koma ɗaki kai tsaye. Ta buɗe kabad ɗin Tabarau, abin da ba ta taɓa yi a bayan idonta ba. Ga rigar nan a rataye, an goge ta har da kari.

Da yamma ta jefa tambayar a kaikaice, tana yanke farce. "Jiya ban gan ki a lacca ta biyu ba."

"Na shiga gari."

"Yin me?"

"Wani ɗan uzuri ne." Tabarau ba ta ɗago daga littafinta ba, amma ta gyara gilashi, kuma Auta ta san ba ta gyara gilashi sai in akwai abin da take haɗiyewa.

Shi ke nan, lissafi ya cika. Tabarau ta yi hanya a cikin kamfani, saura labarin da za ta shiga da shi. Kuma labarin bokitai, wa zai ƙaryata ta in ta ce nata ne? Ai wasu ranakun tare suka zauna a bakin famfo, ita ce ma mai riƙe lema. Ta san abin da shugabar hostal ta ce, ta san abin da aka goge, ga shi duk a naɗe cikin wayarta da muryar mai shi.

Mai hankali da sai ya ce wa ƙawarsa, zauna nan, an ce kaza da kaza, mene ne gaskiya? Amma Auta tana ganin wayonta ya wuce nan. In ta tambaya, ƙarya za a yi mata, haka ta yanke. Gara ta ɗana tarko.

Duk wanda ya taɓa shirin irin wannan intabiyu ya san abu ɗaya da masu tambaya suka tsana: ka zo ka ɗora laifin faɗuwarka a kan wani. Furodak manaja ba ya rubuta manhaja da hannunsa, da hannun mutane yake aiki, don haka wanda ya shigo yana sukar abokan aikinsa ya kori kansa da kansa. Auta ta san wannan sarai. Sai ta zauna ta ƙirƙiro labari irin wannan sak. Wai a aji biyu an haɗa su aikin rukuni, aka ba wani malalaci ɓangare mafi muhimmanci, ya yi ɓatan dabo, ita ta ɗauki komai a kanta, aiki ya rushe saboda shi. Darasin da ta koya: kada ka dogara da kowa. Ta yi wa labarin ado, ta sa masa wurin yin shiru da wurin 'yar dariya, ya fito yana sheƙi. In Tabarau ɓarauniyar amsa ce, to ga abin sata nan, ta ɗauka ta kai musu. Na bokitai kuwa ba za ta ƙara jin sa daga bakinta ba.

Da ta bayar da shi a aji, biron Tabarau ya tsaya a iska.

"Wannan kuma daga ina? Ina bokitai?"

"Na gaji da su. Labarin famfo da bokiti a gaban manyan mutane? Wannan ya fi nauyi."

"Auta, wallahi wannan kashe ki zai yi. Wane ne ma malalacin? Ai ajinmu ɗaya, ni ban san shi ba."

"A kwas ɗin da ba ki ɗauka ba ne."

"To kin tambaye shi abin da ya hana shi aikin?"

"Ke mai tambaya ce ko lauyarsa?"

Tabarau ta yi magiya, ta yi faɗa, har ta yi fushi ta saɓi jakarta ta fice. Auta na kallonta tana cewa a ranta, ka ji 'yar wasan kwaikwayo, kwanon ne aka ɗauke mata take kuka. Washegari Tabarau ta dawo teburin malami da fuskar wadda ta haƙura.

"Tunda kin kafe, to mu gyara shi ya rage muni. Fita ki ƙwanƙwasa."

Haka suka ci gaba. Tabarau ba ta san yin abu rabi da rabi ba. "Sake. Kin yi sauri a tsakiya. Sake. Kar ki ce malalaci, ki ce bai samu dama ba. Sake." Auta ta ƙi cire malalaci, amma ta yi ta sakewa, yau da gobe, har ya zama ko wanki take yi sai ta ji leɓenta na motsi da shi. Na bokitai kuwa a kai kawai take bitarsa, a banɗaki ko a hanyar lacca, ba ta yarda ta furta shi a fili ba don kada bango ya kai wa Tabarau. Ta tabbatar wa kanta cewa labarin da mutum ya rayu a cikinsa ba ya buƙatar bita.

Zaman ɗakin ma ya canja. Auta ta canja lambar buɗe wayarta, ko banɗaki za ta shiga da ita take shiga. In aka kira Tabarau ta fita baranda, sai Auta ta matsa jikin taga ta kasa kunne. "Eh Anti, na gode ƙwarai. Zan shigo." Anti! Har an kai ga Anti. Takaici ya riƙa cin Auta kamar ta yi kuka, don gaskiya tana son yarinyar nan, kuma son ne ya sa abin ya fi ciwo. Ruwan da Tabarau ke hawo mata da shi dai ba ta daina wanka da shi ba.

Ranar intabiyu ta farka ta tarar da gadon Tabarau a gyare, babu ita babu doguwar riga mai ruwan toka. Ko fatan alheri babu. Auta ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ta shirya ta fita.

Ginin gilashin ya fi yadda take hango shi daga mota. Mai gadi ya rataya mata katin baƙi, ya nuna mata kujerun jira kusa da wasu tukwanen furanni. Sanyin na'ura na ratsa ta. Tana zaune tana ƙoƙarin jero labarin bokitai a kanta sai lif, na'urar hawa bene, ya buɗe, Tabarau ta fito tare da wata mata mai katin ma'aikata a wuya, suna dariya. Matar ta dafa kafaɗarta ta koma ciki. Tabarau ta hango Auta, fuskarta ta washe, ta ɗaga mata babban yatsa.

Auta ta kawar da kai. To, an gama. Ta riga ta shiga, ta riga ta zuba musu bokitai, yanzu ta fito tana mata dariya.

Aka kira ta sama. Ɗaki ne mai dogon tebur da farin allo. Mutum biyu ke zaune: wata mata mai gajeriyar magana, da wani mai furfura da ke ta zane-zane a gefen takardarsa kamar ba ya ji. Matar ta ce ta tsara musu yadda za a inganta aikin lif ɗin ginin nan. Auta ta tashi ta kama allo, ta fara da tambayar su wa ke hawansa da kuma lokacin da ya fi cika, matar ta gyaɗa kai. Aka tambaye ta batun masu amfani da suka ragu, ta amsa ɗaya bayan ɗaya, kuma ta ji a jikinta cewa yana tafiya daidai. Duk irin tambayoyin da Tabarau ta gasa ta da su ne. Har mai furfura ya ɗago ya dube ta.

Sai matar ta juya takarda ta ce, "Ba mu labarin wani abu da kika gina ya faɗi, da abin da kika koya."

Kan Auta ya ɗauki zafi. Daga wannan hawan Tabarau ta sauko. Ta ce a ranta, in na ce bokitai, za su kalli juna, kuma wa za su yarda da shi in ba wadda ta fara faɗa ba? Ni zan zama ɓarauniyar. Duk da haka ta laluba labarin, ta tarar da shi a warwatse. Daga famfo za ta fara ko daga manhaja? Ina shugabar hostal take shigowa? Matar ta fara buga biro a tebur, daidai yadda Tabarau ke yi, sai kawai bakin Auta ya buɗe da abin da ya saba.

"A aji biyu, an haɗa mu aikin rukuni..."

Ya fito sumul, ko tuntuɓe babu. Ta yi shiru a wurin shiru, ta yi dariya a wurin dariya, ba wanda ya taya ta. Tun a tsakiya ta gane ramin da take gangarawa, amma ta ina za ta juya? Ta ce musu ƙarya take yi? Ta ji da kunnenta lokacin da ta kai ƙarshe, "Abin da na koya shi ne kada ka dogara da kowa."

"Me ya hana shi yin aikin?" in ji matar.

"Lalaci ne kawai, ranki ya daɗe."

"Kin tambaye shi?"

"Ai... ba a ganinsa."

"Sauran 'yan rukunin fa, me suka ce?"

Sauran 'yan rukuni! Auta ba ta ƙirƙire su ba. Ta yi kame-kame, ta ce su ma sun ji haushi. Matar ta ce a nan injiniyoyi ne za su gina duk abin da ta tsara, in ɗayansu ya makara me za ta yi? Auta ta ce za ta zauna da shi ta ji matsalarsa, amma ita kanta ta ji yadda amsar ta kasa zama a kan labarin da ta gama bayarwa. Matar ta rubuta wani abu gajere ta rufe biro.

Mai furfura ya ajiye zanensa. "Kafin ki tafi, 'yata. Wata abokiyar aikinmu ta ce akwai ɗalibar da ke zarya wurinta neman shawara, ba don kanta ba, don ƙawarta. Wai ta cika mata kunne da labarin wata manhajar ruwa da bokitai, ta ce mai labarin na cikin waɗanda za mu gani yau. Tun safe nake jiransa ban ji ba, ga shi ke ce ta ƙarshe."

"Ni ce," in ji Auta.

"To me ya sa ba ki ba mu shi ba?"

Auta ta sunkuyar da kai. Matar ta dubi agogo ta ce lokaci ya ƙure, sun gode, za su tuntuɓe ta. Yadda ta faɗe shi ya ishi Auta amsa.

A tsallaken titi, ƙarƙashin rumfar jiran mota, Tabarau na tsaye da kwalaben lemo biyu masu sanyi. Tana ganin Auta ta taho da sauri har gilashi na zamewa.

"Yaya? Sun yi tambayar? Na san sun yi. Ki ce mini kin dawo hayyacinki kin jawo su bakin famfo."

"Me kika je yi a ciki da safe?"

"Godiya na je yi wa Anti. Tsohuwar ɗalibar sashenmu ce, da ƙyar na nemo ta. Ba ta ba ni tambayoyinsu ba fa, salon kawai take nuna mini. Na so in ba ki mamaki ne ki gan ni a nan."

"Naki intabiyun fa?"

Tabarau ta yi 'yar dariya ta dubi ƙasa. "Wane intabiyu? Ai tun ranar nan suka ce sun gode. Saƙona da naki tare suka shigo."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kina tsalle a kan gado zan faɗa miki? Kuma na san ki, da kin ajiye shiri kin zauna lallashina. Ga kunya ma, in gaskiya za a faɗa." Ta miƙa mata kwalba ɗaya. "Bar wannan. Wanne kika ba su?"

"Na malalacin."

"Haba Auta! Haba! Sai da na ce miki." Tabarau ta dafe kai. "Sun tambaye ki ko kin yi magana da shi, ko? Na sani. Da ma kin nemo shi kin ji ta bakinsa kamar yadda na ce."

"Babu shi."

Maganar ta kuɓuce ne kawai. Tabarau ta sauke hannu a hankali.

"Kamar yaya babu shi?"

Auta ta dubi kwalbar da ke hannunta.

"Ƙirƙiro shi kika yi? Labarin da kin san zai kashe duk wanda ya faɗe shi? To wa kika ƙirƙiro wa?" Tabarau ta zuba mata ido, kuma Auta na ganin lissafin yana haɗuwa a fuskarta: lambar waya da aka canja, tambayar lacca ta biyu, kan da aka kawar ɗazu. Ta cire gilashin. Ba tare da shi ba idanunta ƙanana ne, kuma sun cika da ruwa. "Ni? Ni kika ɗana wa?"

"Tabarau, Rediyo ce ta ce..."

"Rediyo." Ta goge gilashin da gefen doguwar rigar ta mayar. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. "Ɗaki ɗaya muke kwana, Auta. Da kin tambaye ni."

Mota ta tsaya. Tabarau ta shiga ta zauna a gaba, Auta ta sami wuri can baya, lemon na hucewa a hannunta ba ta ko buɗe ba. Wayarta ta yi ta ruri, Yaya ne, ta ƙi ɗagawa. Sai saƙonsa ya shigo: "Ya intabiyu, Autarmu? Kar ki damu ko ya ya kasance, kujerarki na nan." Ta kife wayar a cinya, hawaye na ɗiga a bayanta.

Da yamma suna ɗaki, kowacce a kan gadonta. Auta ta shirya maganar ban haƙuri ta rushe, ta sake shiryawa, duk wadda ta ɗauko sai ta ji ta yi ƙarama. Can wayoyinsu suka yi ƙara tare. Ruwa ya zo.

Tabarau ta tashi ta zura silifa ta fita. Auta ta zauna tana sauraron hayaniyar 'yan mata a matakala, da ƙarar ruwa na dukan gindin bokitai a ƙasa. Bayan wani lokaci ta ji takun da ta sani yana hawowa, sai dai yau ya fi sauri. Ƙofa ta buɗe. Tabarau ta shigo da bokiti ɗaya, ta ajiye shi a gefen gadonta, ta rufe shi da murfi.